Muhawara: Wai Taurari Ne Suka Ƙwace Iko Daga Hukuma Suka Miƙa wa Mai Waya?

Baban Ilham:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai wata magana da masu duban taurari na Turai da Amurka suke ta yayatawa 'yan shekarun nan, ina so masana cikinmu su warware mana ita. Wai duniya ta shiga sabon zango, wanda a cikinsa iko zai riƙa sulalewa daga hannun gwamnatoci da bankuna da manyan kafafen labarai yana komawa hannun ɗaiɗaikun mutane, kuma fasaha ce za ta ɗauko shi ta kawo.

Hujja biyu suke kafawa. Ta farko, ranar 21 ga Disamba 2020 taurarin Mushtari (Jupiter) da Zuhal (Saturn) sun haɗu a farkon burujin Dalwu, ɗaya daga cikin gidajen da masu duba suka raba sama da su. Dama duk bayan shekara 20 ko kusa da haka sukan haɗu, amma kusan shekara 200 ke nan yawancin haɗuwar tana faɗawa a burujan da suke kira na ƙasa, wato Sauru da Sumbula da Jadyu. Yanzu ta koma burujan iska, waɗanda Dalwu yana cikinsu. A fassararsu ƙasa ita ce gini da masana'anta da ofis mai maigadi a bakin ƙofa, iska kuwa labari da sadarwa. Ta biyu, tauraron Fuluto (Pluto) ya bar Jadyu ya koma Dalwu. Ya fara leƙawa a Maris 2023, ya tare gaba ɗaya a Nuwamba 2024, kuma sai wajen 2044 zai fita. Suka ce zamansa na baya a Dalwu tsakanin 1778 ne da 1798, a ciki aka yi juyin juya halin Faransa na 1789.

Ban ce na gaskata ba, kar a yi min caa. Amma ku dubi garin nan. 'Yan fim da a da sai sun bi ta hannun 'yan kasuwar kaset da faifai, yau a YouTube suke sakin shirinsu. Marubuta ba sa jiran maɗaba'a. Yaro a Kurna zai yi magana a waya, kafin la'asar ta zaga har Saudiyya. Mai POS a bakin layi ya raba mu da layin banki. To meye gaskiyar abin?

Abu Sumayya:
Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ji tsoron Allah ka janye wannan rubutun. Hadisi ya zo a Abu Dawuda cewa wanda ya ɗebi wani abu na ilimin taurari ya ɗebi wani yanki na sihiri. Kuma kowa ya san abin da ya faru a Hudaibiyya, da aka wayi gari an yi ruwa cikin dare. Annabi (SAW) ya sanar da sahabbai cewa wanda ya ce an yi mana ruwa da falalar Allah shi ne mumini, wanda kuwa ya ce tauraro kaza ne ya ba mu ruwa, ya kafirce wa Allah ya yi imani da tauraro. Idan ruwan sama ma ba a jingina shi ga tauraro, ina ga mulki, wanda Allah ya ce shi ke ba wanda ya so ya kuma ƙwace daga wanda ya so? Admin, a duba.

Admin:
Na gani Ustaz. Tambaya ya yi, bai yi da'awa ba. A amsa masa da ilimi. Banda zagi, banda kafirta juna.

Malamin Zaure:
Bismillahi. Abin da Ustaz ya kawo gaskiya ne, babu ja. Sai dai malamai sun raba abin gida biyu tun da daɗewa. Akwai sanin tafiyar taurari, wanda da shi ake gane alƙibla da lokutan salla da shigowar damina. Wannan halal ne, Alƙur'ani ma ya ambaci shiriya da tauraro a Suratun Nahli. Akwai kuma da'awar cewa tauraro yana da tasiri a kan abin da zai sami mutane, shi ne aka hana. Mu da muka tashi a zaure mun haddace manzilolin wata 28, kowanne kwana 13 in ban da Jabha mai 14, ka haɗa ka sami kwana 365. Tsofaffin manoma a Bichi da Gezawa da su suke lissafin shuka, ba wanda ya taɓa ce musu bokaye.

Abin da zan ƙara, Baban Ilham, wannan maganar haɗuwar Mushtari da Zuhal da kake ji kamar jiya aka ƙirƙiro ta a Amurka, tsohuwar hajar Bagadaza ce. Abu Ma'ashar mutumin Balkh, wanda ya rasu a 886, shi ya shahara da ita. Ya ce ƙaramar haɗuwa duk shekara 20, matsakaiciya duk shekara 240 idan ta tashi daga wani jinsin buruji ta koma wani, babba kuma duk shekara 960, kuma da su yake fassara tashin dauloli da faɗuwarsu. Turawa suka fassara littattafansa zuwa Latin, suka ci gaba da juyawa har yau. Ibn Khaldun ya kawo wannan lissafi a Muƙaddima, sannan ya ware babi guda ya rushe sana'ar. Mu ma nan ba baƙon abu ba ne. Muhammadu al-Kashnawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan hatimai da sirrin haruffa da taurari.

Tunda kuma maganar iska ake, bari in ba ku wani labari da malaman tarihi suka kawo. A shekara ta 582 bayan Hijira, wato 1186, taurarin nan masu tafiya suka taru a burujin Mizani, wanda shi ma na iska ne. Masu duba na gabas da yamma suka yi baki ɗaya cewa guguwa za ta taso ta share duniya. Mutane suka haƙa ramuka, suka tara ruwa da guzuri, suka shige. Daren ya zo ya wuce, ko fitila iska ba ta kashe ba.

Ɗan Farm Centre:
Hhhh Allah ya gafarta Malam, ashe an daɗe ana cin kuɗin mutane.

Ticha Mai Jogirafi:
Malam ya gama da ɓangaren tarihi, bari in shigo ta ɓangaren lissafi. Baban Ilham, shi Fuluton nan sai a 1930 aka gano shi. Mutanen Faransa na 1789 ba su san da shi ba, Abu Ma'ashar ma bai san da shi ba. Bayan an gano shi ne aka koma baya ana laluben abin da za a liƙa masa. A 2006 kuma masana sararin samaniya suka cire shi daga jerin manyan duniyoyi, masu duba ba su fasa ba.

Shekara 248 yake yi kafin ya zagaye rana, don haka zamansa a Dalwu kafin na 1778 shi ne na wajen 1532 zuwa 1553. To in akwai fasahar da ta taɓa ƙwace ilimi daga hannun hukuma a Turai, ai injin ɗab'i ne, kuma shi wajen 1450 Gutenberg ya fito da shi a Jamus. Martin Luther ya yi wa cocin Katolika bore a 1517. Duka biyun sun riga Fuluto isa Dalwu.

Mu dawo gida. Yaushe wayar salula ta shigo Najeriya? Agusta 2001. Haɗuwar Mushtari da Zuhal da ta gabace ta, ta Mayun 2000, a Sauru aka yi, burujin ƙasa tsantsa. Facebook 2004, YouTube 2005, WhatsApp da Bitcoin 2009. Duk abin da ka lissafa a rubutunka ya kafu tun kafin Disambar 2020.

Sannan ga wani abin da ba sa son a faɗa. Burujan da Turawa ke lissafi da su sun goce daga taurarin da ke sama da kusan digiri 24, saboda ƙasar nan tana wani irin layi a hankali a kan sandarta, zagaye ɗaya kusan shekara 26,000. Daren 21 ga Disamba 2020, wanda ya hau Dala ya dubi yamma bayan magariba, a cikin taurarin Jadyu ya ga Mushtari da Zuhal, ba Dalwu ba. Masu duban Indiya da ke lissafi da ainihin taurarin, su a wajensu haɗuwar a Jadyu aka yi, burujin ƙasa. Sama ɗaya, dare ɗaya, wannan ya ce iska wancan ya ce ƙasa.

Baban Ilham:
Ticha, suna da amsar wannan fa. Sun ce haɗuwar 1980 zuwa 1981 a Mizani aka yi, ita ce ɗanɗano, kuma a 1981 ne kamfanin IBM ya fito da kwamfutarsa ta tebur. Ta 2000 kuwa bankwana ce da ƙasa. Shi kuma Fuluto da ya shiga Jadyu a 2008, aikinsa rushe tsofaffin cibiyoyi, kuma a shekarar ne bankunan Amurka suka durƙushe.

Ticha Mai Jogirafi:
Ka ji ko? In abu ya zo da wuri, ɗanɗano ne. In ya zo a makare, tasirin ne ya yi jinkiri. In ya zo a burujin da bai dace ba, bankwana ce. Ka nuna min abin da zai faru su ce sun faɗi. Babu shekara 20 da za ka yanka a tarihi ka rasa sarkin da aka tuɓe ko fasahar da aka ƙirƙiro.

Maman Sadiq:
Salamu alaikum. Ni ban san Zuhal ba, ban san Fuluto ba, amma ɓangaren ikon nan ina da abin cewa. Baban Ilham bai yi ƙarya ba. Ina cikin gidana a Gwammaja nake sayar da atamfa da leshi. Ƙanina zai shiga Kwari da safe ya ɗauko min hotunan sabbin kaya, in ɗora a sitatus. Mata daga Maiduguri, daga Jos, har Yamai, ta zaɓa ta turo kuɗi. Ina jin alat in kira shi ya yanko. Mu ƙulle a leda, mu naɗe da salatif, in rubuta lambar wayarta da maka a jiki, ɗan sahu ya kai tasha. Direba in ya isa ya kira ta. Ba ni da shago, ba na biyan haya, ban taɓa zuwa gaban manajan banki neman bashi ba. Mahaifiyata ta yi sana'ar ƙuli da man gyaɗa shekara da shekaru, cinikinta bai taɓa wuce inda 'yar talla za ta kai da ƙafa ba. To wannan in ba iko ba ne, mene ne?

Kuma ku maza ba za ku gane ba sosai. Ku dama kuna fita. Mu da muke ciki mu muka san abin da wayar nan ta buɗe.

Injiniyan Sharaɗa:
Hajiya, Allah ya ƙara albarka a kasuwa. Ban musa miki ko ɗaya ba. Tambaya ɗaya zan yi, makunnin yana hannun wa?

Aikina ke nan, ƙarfen sabis. Abin da kuke kira iska, ni na san nauyinsa. Kowane ƙarfe yana da fili da aka yi haya, da janareta, da tankin gas, da batura, da maigadi, da lasisin da hukuma ta bayar. Daga nan waya ce a binne a ƙasa har Legas, daga Legas ta shiga ƙarƙashin teku. Ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin tekun nan suka katse ta wajen gaɓar Afirka ta Yamma, ai kun ga yadda bankuna da intanet suka rikice a ƙasashe da yawa lokaci guda.

Wancan tsautsayi ne. Ga na ganganci. A farkon Satumba 2021 hukumar sadarwa ta NCC ta umarci kamfanoni su kashe sabis a jihar Zamfara gaba ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya abin ya shafi wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Takarda ɗaya aka rubuta. Mai sayar da atamfa a Gusau irin Hajiya, sai dai ta ba wani saƙo ya hau mota ya fita jihar ya kira mata kwastoma. A Yunin shekarar gwamnatin Buhari ta rufe Twitter, ba a buɗe ba sai 13 ga Janairu 2022. A Fabrairun 2021 Babban Banki ya hana bankuna taɓa harkar kirifto, wato kuɗin intanet irin Bitcoin, sai Disambar 2023 ya sassauta. Ku lura da shekarar. Duk waɗannan matakai an fara su ne a cikin wata 12 na farko bayan haɗuwar da aka ce ta 'yanta ɗaiɗaikun mutane.

Ɗan Farm Centre:
Oga Injiniya, amma da aka rufe Twitter ai kowa VPN ya sauke, manhajar da ke zagaye rufewar. A shagonmu har layi ake yi a saka wa mutane. Kirifto kuma da aka hana, sai aka koma hannu da hannu, ka tura min naira in tura maka kirifton USDT, banki bai san me aka yi ba. Gwamnati ta rufe ƙofa mutane sun bi ta taga.

Injiniyan Sharaɗa:
Ƙanena, VPN a kan wane sabis yake tafiya? Mutanen Zamfara me ya hana su saukewa? Hannu da hannun kuma, ka manta Maris 2024 da kasuwar kirifto ta Binance ta rufe harkar naira bayan an tsare jami'anta a Abuja? A Afrilun shekarar Babban Banki ya dakatar da su OPay da Moniepoint da PalmPay daga buɗe sabon asusu na wani lokaci. Tagar ma a bangon mai gidan take.

Ni abin da nake gani, ikon ya tashi daga wani ofis ya koma wani. Facebook da WhatsApp da Instagram duk na kamfani ɗaya ne. Ranar 4 ga Oktoba 2021 suka ɗauke tare na kusan awa shida, duniya ta yi tsit. Da, in gidan rediyo ya ƙi saka maganarka, ka san ginin, ka san wanda za ka kai wa ƙorafi, wataƙila ma kun haɗa masallaci. Yau in aka rufe maka shafi, wa za ka je ka gaisar?

Maman Sadiq:
Wannan kam gaskiya ne Injiniya. Lokacin da ake rufe layuka kan maganar NIN nawa ya shiga ciki, alhali na haɗa. Lambar da duk kwastomomina suka sani. Ranar na shiga ofishin tun safe, na tarar da mata zaune a ƙasa da goyo, an ba mu lamba a guntun kwali, mai gadi yana kira ɗaya bayan ɗaya. Wata tsohuwa kusa da ni yatsunta sun ƙi hawa na'urar saboda aikin wanki ya cinye zanen, sai shafa mata wani abu suke suna sake dannawa. Kafin a buɗe min, wata da ta turo kuɗin leshi ta ɗauka na gudu da su, har ta fara yaɗa hotona.

Ga kuma canjin kuɗi na farkon 2023. Kuɗinka na cikin waya kana kallonsu, mai kayan miya ya ce shi takarda yake so. Amma duk da haka ban yarda a ce ba abin da ya canja ba. An rufe layin, an buɗe, na ci gaba. Da can ko layin da za a rufe ba ni da shi.

Baba Ɗan Fansho:
'Yata ta faɗi magana. Ku yaran nan ba ku san inda aka fito ba, shi ya sa kuke raina inda ake. Kafin 2001 duk Najeriya layukan tarho ba su kai rabin miliyan ba. A Kano in ka ga lamba ta fara da 064 a jikin katin mutum, to ka san babba ne. Mai son magana da ɗansa a Makka, kaset ake ɗauka, a tara iyali kowa ya yi gaisuwa, a ba alhaji ya kai, amsa ta dawo bayan wata biyu. Labari kuwa abin da Rediyon Kano da Rediyon Kaduna suka faɗa, sai in ka kamo BBC da asuba ka gwada ka gani ko sun yi daidai. Da aka buɗe Freedom Radio a ƙarshen 2003, mutum ya ji talaka yana faɗa wa gwamna magana a rediyo, wallahi mun ɗauka za a rufe gidan kafin sati.

To amma ba tauraro ne ya kawo wannan ba. Soja suka tafi a 1999, gwamnatin Obasanjo ta yi gwanjon lasisin GSM a Janairun 2001, kamfanoni suka biya dala miliyan 285 kowanne. Mutane ne suka zauna a ɗaki suka sa hannu. In za a gode, a gode wa Allah, sannan a san sunan waɗanda suka yi, don gobe in sun ɓata a san wanda za a tuhuma. Tauraro ba a kai shi kotu.

Baban Ilham:
Baba Allah ya ƙara girma. To bari in tsokano Malam da wani abu, don ni shi ya fi ɗaure min kai. Shekarun nan na 1778 zuwa 1798, ai su ne shekarun da Shehu Usmanu yake yawon wa'azi a Gobir da Zamfara. Zaman Magami da Bawa Jangwarzo, inda Shehu ya ƙi karɓar kyauta ya nemi a bar shi ya yi kira kuma a sassauta wa talakawa haraji, wajen 1788 ne. Faransa 1789. Ba abin mamaki a nan?

Malamin Zaure:
Baban Ilham, ka kiyayi harshenka a nan. Shehu ya fara wa'azi wajen 1774, kafin lissafin naka ya fara. Hijira zuwa Gudu 1804, Kano ta faɗi hannun jama'a wajen 1807, bayan lissafin naka ya ƙare. Ka yanko tsakiya ka bar kai da ƙafa. Kuma mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana yaƙar duba da camfi, ba adalci ba ne a mayar da aikinsa hujjar masu duba.

In kana neman abin da ya yi kama da zancenka a tarihin Shehu, ga shi a fili ba sai ka ɗaga kai sama ba. Malaman fada suna da Larabci da kusanci da sarki. Shehu da Abdullahi da Bello, daga baya Nana Asma'u, suka riƙa yin waƙoƙi da Fulatanci da Hausa, a rubuta da ajami, almajiri ya kwafa, mace ta haddace ta rera wa 'yan'uwanta a tsakar gida. Karatu ya fita daga fada ya shiga rugga da ƙauye. Takarda da tawada da haddar mutane suka yi wannan aikin. Sannan ka lura da abin da ya biyo baya: da aka ci nasara sai aka kafa daula, da sarakuna da alƙalai da masu karɓar haraji. Ba a zauna babu hukuma ba.

Abu Sumayya:
Jazakallahu khairan Malam. Ni damuwata ma ba Turawan ba ce. Ku shiga TikTok ku ga masu duba na gida. Da, mai zuwa wajen ɗan duba sai ya saci jiki da daddare kar a gan shi. Yanzu malamin tsibbu yana zaune da faranti da yashi yana bugun ƙasa kai tsaye, mata suna turo sunansu da sunan mahaifiya, ga lambar asusu a rubuce a ƙasa. Yara 'yan sakandare suna tambayar juna burujinsu kafin su yi ƙawance. In wannan ne ikon da ya dawo hannun mutane, to Hisba ta ƙara ƙaimi.

Ɗan Farm Centre:
Ustaz, ai ba sai da buruji ake duba ba yanzu. Ka manta mainin, dannan wayar nan don tara kirifto? A 2024 bayan Notcoin ta fashe, wato ta shiga kasuwa, wasu suka samu kuɗi, garin nan kowa ya koma dannan waya. Hamster Kombat ce wadda aka fi dannawa. Dattijo da furfurarsa zai kawo min waya ya ce sikirin ya daina ji a tsakiya, in duba in ga wurin ya dushe saboda danna. Wani wayoyi uku ya jera a kan benci, ɗaya tasa, ɗaya ta matarsa, ɗaya ta uwarsa. Kowane dare akwai mai sharhi da zai fito ya ce ga ranar da za ta fashe, ga farashin da za ta buɗe, har da zane mai kore da ja. Ranar 26 ga Satumba ta fashe. Wasu abin da suka samu bai biya datar da suka ƙona ba. Washegari masu sharhin suka ce a yi haƙuri, zagaye na biyu ne na gaske.

Ticha Mai Jogirafi:
Ka ga irin amsar da na ce. Na farkon ɗanɗano ne.

Maman Sadiq:
Ustaz, a kan Hisba ina da ja kaɗan. A kama masu damfara da sunan duba, na yarda. Amma kar a fake da su a ce mata su sauka daga waya. Kullum in aka tashi gyara, ta kanmu ake farawa.

Abu Sumayya:
Ban ce haka ba Hajiya. Kasuwanci halal ne, Nana Khadija 'yar kasuwa ce.

Injiniyan Sharaɗa:
Maganar Hajiya ta dawo da mu kan tambayata. A Nuwamba 2022 wata kotun majistare a nan Kano ta yanke wa wasu 'yan TikTok biyu bulala da tara da sharar harabar kotu saboda bidiyon da suka yi a kan gwamnan lokacin. Hukumar tace finafinai, wadda aka kafa tun zamanin kaset, yau tana cewa masu shiri a YouTube ma su kawo ta duba. Ko ka goyi bayan hakan ko ka ƙi, abin da ya nuna shi ne hukuma ba ta tafi ko'ina ba, ta koyi hawa waya ne kawai. Kuma yanzu ta fi da sanin ka. BVN tun 2014, NIN a jikin layinka, hotonka da zanen yatsunka. Kakanninmu in mai karɓar haraji ya shigo gari suna iya haurawa ta bayan danga.

Wuri ɗaya da zan yarda mutum ya ɗan karɓi makunni a hannunsa shi ne sola. A Oktoban 2024 da layin wutar da ke kawo wa Arewa ya lalace aka shafe kwanaki cikin duhu, mai faranti a rufin ɗaki da batir shi ya kwana da fanka, maƙwabta suna kawo masa caji. Wannan ba mai kashe masa daga Abuja. Amma shi ma farantin daga Chaina yake zuwa, da dala ake sayo shi.

Baban Ilham:
To ni dai na karɓi maganar Ticha da ta Malam a kan taurarin, lissafin bai tsaya da ƙafarsa ba. Amma Injiniya ban sallama maka duka ba. Zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024 wa ya kira ta? Ba jam'iyya, ba ƙungiyar ƙwadago. A waya aka haɗa ta, sai da gwamnatin jiha ta sa dokar hana fita ta awa 24.

Baba Ɗan Fansho:
Ɗana, a 2024 ka fara ganin Kano ta tashi? Zamanin jam'iyyar NEPU da wace waya aka tara mutane? Kuma ka faɗi yadda ta ƙare. Rashin shugaban da za a kira a yi magana da shi ne ya sa ɓata-gari suka karɓe ta, aka fasa cibiyar fasahar NCC da ko buɗe ta ba a yi ba, aka kwashe kwamfutoci da kujeru, aka rasa rayuka. Yaran da aka kama kuma sai da aka kai su kotu a Abuja, wasu suna faɗuwa don yunwa. Tara mutane ya yi sauƙi yanzu, na yarda. Wa zai zauna a teburi a madadinsu washegari?

Baban Ilham:
Wannan kuma wata muhawarar ce Baba.

Baba Ɗan Fansho:
Ita ce dai. Ka buɗe ta gobe in Allah ya kai mu, amma ka bar Fuluto a gida.

Ɗan Farm Centre:
Oga Injiniya kafin a watse, batirin lithium ɗin nan da inbata mai ɗaukar firji da fanka biyu, a Sabon Gari zan duba ko ka san wani wurin? Ka min magana ta gefe.

Admin:
Ciniki a koma ta gefe don Allah. Ticha, wasu sun tambaya ta akwatina yadda za su gane Mushtari da ido, in ka samu lokaci ka yi mana bayani a rubutu na daban.